Rigar Shiga Kotun Ƙoli

Akwai wani ɗan kasuwa a Garwa, Alhaji Abdulbaƙi mai shadda, wanda ya tsaya takarar depite, wato ɗan majalisa. Mutanen bakin kogin Binuwai, waɗanda ruwa ke cinye wa gidaje duk damina, suka fito suka zaɓe shi, don ya rantse zai sa a gina musu ganuwar tare ruwa.

Aka sanar ya faɗi.

Madam Henriette, malamar makarantar da ta tsaya masa a rumfunan zaɓe, ta zo shagonsa da jaka cike da takardun sakamako masu sa hannu. Ƙuri'unsa sun fi.

"Alhaji, kwana uku doka ta ba mu mu kai ƙara kotun ƙoli a Yawunde. Mu kama hanya yau."

Ya shafa gemu. "Madam, kotun ƙoli fa kika ce! 'Yan talabijin na can. In shiga da rigar da na yi kamfe da ita? Tela ya ce jibi zai gama aikin wuyan sabuwar rigata."

"To ni in tafi da takardun."

"A ga fuskarki maimakon tawa? Ajiye jakar nan."

Bayan kwana biyu rigar ta fito, gaskiya ta yi kyau. Suka hau mota zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa ya sauke su Yawunde a rana ta huɗu.

Magatakardan kotu bai ko buɗe jakar ba. "Wa'adi ya cika jiya, Alhaji."

"Duba takardun mana! Ni na ci!"

"Ƙila. Amma ba za a duba ba."

"To ina zan ɗaukaka ƙara?"

"Sama da nan sai Allah." Ya kalle shi daga hula zuwa takalmi. "Wane ne telanka?"

Da damina ta faɗi, Binuwai ya sake shiga gidajen. Henriette ta ɗora 'ya'yanta kan rufin kwano, tana kallon jakar nan tana yawo kan ruwa a tsakar gida. Waɗanda suka yi layi a rana kuwa sun ce ba mai sake ganinsu a rumfar zaɓe.

Darasi: Ƙofar da babu wata bayanta, ba a tsaya mata ado. Girman kan mutum ɗaya kan nutsar da haƙƙin dubu. Ku tura wa wasu, kada ku karanta ku wuce shiru yadda kuka saba yi mini, ni da nake wahalar da yatsuna dominku.