Sunan da Furera Ba Ta Taɓa Kira Ba

Akwai wani manomi a wani ƙauye arewa da Minjibir, ana kiransa Malam Ja'afaru, matarsa kuma Furera. A shekarar da taki ya gagari talaka, gero ya yi tsadar da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba, babban ɗansu Basiru ya tafi cirani kudu. A hanyar dawowa motarsu ta kife. A can aka binne shi.

Basiru ɗan fari ne. A gidajen da ke riƙe da al'ada, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Tun da aka yaye shi, kakarsa Inna, mahaifiyar Ja'afaru, ta ɗauke shi zuwa ɗakinta.

Shekara ashirin da huɗu Furera tana ce masa "yaron nan". Sana'arta ƙuli-ƙuli ce. Duk ranar suya sai ta ware masu zafi a ɗan kwano, ta ajiye a ƙofar Inna, ta ce, "Ga na tsohuwa." Kowa a gidan ya san Inna ba ta da haƙoran cin ƙuli.

Ranar zaman makoki, mata suka cika ɗakin Inna, don a idon gari ita ce ta yi rashi. Furera tana madafi tana tuƙa tuwon baƙi. Idan wata ta leƙo ta ce, "Ya haƙuri?" sai ta ce, "Da godiya," ta ci gaba da tuƙi.

Mata suka yi ta yabonta. "Kun ga kawaici? Ko ɗigon hawaye babu." Shi kansa Ja'afaru ya ji daɗin wannan yabo.

Bayan sadakar arba'in, Furera ta daina suya. Da farko an ce tsadar gyaɗa ce. Sai ta daina zuwa suna da biki. Loma biyu take yi ta ture kwano. Barci ya ƙaurace mata. Ta fara manta gishiri a miya, ita da ake aiko yara daga maƙwabta su tambaye ta yadda take haɗa miyar kuka. Takan zauna a gindin rumbu tun hantsi har azahar, hannuwanta a cinya.

Mai kemis ya ba da maganin zazzaɓi, daga baya na ƙarin jini. An yi rubutu, an yi addu'a. Wasu suka ce iska ce. Wani a majalisar ƙofar masallaci ya ce rashin tawakkali ne.

Ja'afaru ya ce, "Matar da ba ta taɓa barin azumin Litinin da Alhamis ba? A nemo wani dalilin."

Wata rana da safe ya same ta zaune a bakin rijiya, guga a hannu, babu ruwa a ciki. Ta daɗe a wurin, don raɓar da ke zaninta ta bushe.

"Furera, lafiya?"

"Malam, ni ban ga amfanin da nake yi a duniya ba. Da ni aka ɗauka, da an fi samun riba."

Ta faɗi haka a sanyaye, kamar mai cewa itace ya ƙare. Wannan sanyin ne ya tsorata shi. Ya riga ya rasa ɗa, yanzu ga matarsa tana zamewa a gabansa. Ya kama hannunta ya mai da ita gida, ya kira ƙanwarsa Huseina da ke aure a Rijiyar Zaki.

Washegari Huseina ta iso da hayaniyarta. "Matarmu! Wa ya sace miki kumatu? Ko Yaya ne ya fara rowa?"

Da can Furera za ta rama da biyu. Wannan karon kallonta kawai ta yi.

Huseina ta ja yayanta zaure. "Yaya, wannan ciwon damuwa ne. Na san shi, na yi shi bayan haihuwata ta uku. Akwai asibiti a birni, akwai wadda ake zama da ita a yi magana."

"Asibitin mahaukata za ki kai mini mata?"

"Ni da na je, mahaukaciya ce?"

"To... wani lokacin ina shakka."

"Allah ya shirye ka, Yaya. Da gaske nake."

"Magana kawai? Ai kullum muna magana da ita."

"Me kake ce mata?"

"Ina ce mata ta yi haƙuri."

"Ita kuma me take cewa?"

Ja'afaru ya duba a ransa, ya ga tun ranar rasuwar babu wanda ya tambayi Furera komai sai "ya haƙuri", tambayar da kowa ya san amsarta.

Ranar Laraba suka shiga motar Kano. Likita ya duba ta, sannan ya haɗa su da wata ma'aikaciya mai suna Sista Mairo, mace mai ƙiba da tabarau, wadda ba ta gaggawar magana.

Sista Mairo ta yi musu bayani a taƙaice. Baƙin ciki yakan zo ya lafa, mai shi ya ci abinci, ya yi dariya tsakani. Ciwon damuwa kuwa zama yake yi. Yana hana ci da barci, yana ɗauke sha'awar komai, yana sa mutum ya ga laifinsa a abin da bai aikata ba. Ciwo ne kamar hawan jini, ba raunin imani ba. Wasu sai an haɗa musu da ƙwaya, wasu zaman magana ke isar su. Za su fara da zama duk Laraba, kuma kada a bar ta ita kaɗai a gida.

Zaman farko Furera ba ta ce komai ba sai "lafiya lau". Na biyu ta ce kanta na ciwo.

A wannan lokacin ne damina ta sauka. Duk Laraba Ja'afaru yana ajiye fartanya ya raka ta, ya zauna a benci a waje. Akuyarsa ta tafi a kuɗin mota. Ciyawa ta fara cin gefen gonarsa. A majalisa aka sa shi gaba. "Ja'afaru ya bar noman fari ya koma kai mata hira birni. Mu da muke nan, ba a hira da mu ne?"

Ya ce, "Da hirarku na magani, da tuni babu mara lafiya a garin nan."

A zama na huɗu Sista Mairo ta ce, "Yaya sunan yaron?"

"Babansa na waje. A tambaye shi."

"Ke nake tambaya."

"Ɗan fari ne, Sista."

"Na sani. Ni ma ina da nawa. Amma duba, ƙofa a rufe take. Babu suruka a nan, babu maƙwabciya."

Furera ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Sista Mairo ta gyara tabarau. Ta jira.

Can Furera ta ce, "Basiru."

Sai kuka ya ƙwace mata, kukan wata bakwai. Da ya lafa, ta ba da labarin da babu wanda ya taɓa ji. Ranar tafiyarsa ya zo ƙofar madafi ya durƙusa yana mata sallama. Inna na tsakar gida da wasu mata biyu. Furera ba ta juyo ba. Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya," ta ci gaba da hura wuta. Ko fuskarsa ba ta kalla ba.

"Ya tafi yana zaton ban damu da shi ba, Sista. Haka ya mutu. Kuma ga shi ina kuka, ina ƙara zunubi."

"Ki tambayi limaminku. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Amma wancan zaton, wa ya faɗa miki shi? Shi yaron, ko ciwon?"

Furera ta goge fuska da bakin mayafi.

"Kin yarda mu kira Malam ya ji wannan?"

Ta gyaɗa kai. Ja'afaru ya shigo, ya zauna a bakin kujera, hula a gwiwa. Da ya gama ji, sai ya juya wajenta.

"Furera, akwai abin da na riƙe. Duk ranar da ya kira ni daga can, kafin ya kashe waya sai ya ce, 'Baba, a gaida mai ƙuli. A ce mata na kudu ba shi da daɗi.'"

"Ya faɗi haka?"

"Kowane kira. Ban taɓa isar miki ba. Na ga kamar ba tsari ba ne in kawo miki saƙon ɗan fari. Ki yafe mini."

"Ashe ya sani."

"Ya sani mana. Shi wawa ne? Yaushe Inna ta taɓa tauna ƙuli?"

Furera ta yi wata 'yar dariya a cikin hawayen. Rabon Ja'afaru da jin wannan sautin tun kafin rasuwar.

Ba a ranar ta warke ba. Akwai makon da ta koma gindin rumbu, ta ce ba za ta je ba, sai da Huseina ta zo ta yi mata tsiya har ta ɗauki mayafi. Sista Mairo takan ba ta ɗan aiki guda a kowane mako: ta leƙa gona da yamma, ta yi ɓarar gyaɗa tare da Inna, ta faɗa wa Malam abu ɗaya da ta tuna game da yaron. Shi kuma Ja'afaru aka koya masa abin da ya fi noma wuya a gare shi, wato ya saurara ba tare da ya ce "sai haƙuri" ba.

Ci ya dawo a hankali, barci ya biyo baya. Zuwa kaka, zaman ya koma sau ɗaya a wata. Geron Ja'afaru bai kai na maƙwabta ba, amma bai ce uffan a kai ba.

Wata Juma'a bayan la'asar, ƙamshin man gyaɗa ya tashi a gidan. Furera ta kwashe ƙuli, ta ware masu zafi a ɗan kwanon nan, ta kai ƙofar Inna. Ja'afaru na gefe yana gyara igiyar guga.

"Inna, ga na Basiru. A raba wa yaran unguwa, Allah ya kai masa ladan."

Inna ta dubi kwanon, ta dubi surukarta, ta goge ido da bakin zani. Sannan ta juya wajen ɗanta. Shi ma ɗan farinta ne, shekara hamsin da biyar tana ce masa "mutumin nan".

"Ja'afaru," in ji ta.

Ya waiga ƙofar zaure yana neman mai kiran.

"Ni ce. Na ga ta faɗa, rufin ɗaki bai faɗo ba. Zo ka ɗauki ɗaya tun da zafinsa."

Ya zo ya durƙusa a gabanta ya ɗauka. Furera ta jawo tabarma ta zauna kusa da su, ita ma ta ɗauki nata.

Darasi: Ba duk wanda ya yi shiru ne ya haƙura ba. Idan baƙin ciki ya daɗe har ya hana mutum ci da barci da sana'arsa, ko ya fara cewa rayuwarsa ba ta da amfani, to ciwo ne, kuma yana da magani. A yi masa addu'a, a zauna a saurare shi, a kai shi wurin waɗanda suka koyi aikin. Kunya ado ce, amma kada ta hana ka isar da kalmar da wani ke bukata. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labarin, wataƙila akwai wata Furera a gidansu da ake ta yabon kawaicinta.