Rigar Buhun Gishiri

Akwai wani ɗan kasuwar goro a Agege mai suna Sanda, zamanin yaƙin duniya na biyu, lokacin da yadi ya yi wuya har talaka ya koma ɗinka riga da buhu.

Sanda ya samu, samun kuma ya hau masa kai. Ya nemi auren Zuwaira, 'yar Malam Hamidu, jikan tsofaffin sojojin Ikko. Dattijon ya ce bai ƙi ba, amma ba ya ba da 'ya ga wanda ba a san tushensa ba. Sai ya kawo babbansa na jini ya nema masa.

Sanda ya aika Kano aka kira wansa Iliyasu, wanda ya riƙe shi tun rasuwar ubansu.

Ranar da jirgin ƙasa ya tsaya, Iliyasu ya sauko cikin wata riga burum-burum ta buhun gishiri, tambarin kamfani na nan raɗau a bayanta. 'Yan dako suka kwashe da dariya, ɗaya ya ce, "Oga Sanda, wannan buhun naka ne?"

Kunya ta kama Sanda, ta juye ta zama fushi. Maimakon ya rungumi ɗan'uwansa, sai ya ce sabon ɗan dakonsa ne. Abin haushin, akwatinsa cike yake da manyan riguna. Amma tunda ya riga ya faɗa a bainar jama'a, ba damar ya sa masa ɗaya ya kira shi yaya.

Ya kai shi ɗakin da ake ɗaure huhun goro, ya ce ya huta, neman aure sai jibi. Ƙarya yake. Da la'asar ɗin nan ya naɗa wa abokinsa Ladan rawani, suka nufi zauren Malam Hamidu da goron neman aure.

Ladan ya gyara murya ya ce shi ne wan Sanda, uwa ɗaya uba ɗaya.

Malam Hamidu ya dube su. Sannan ya ce da azahar ya yi sahu da wani baƙo a masallaci, ya tambaye shi daga ina, baƙon ya ce ya zo nema wa ƙanensa Sanda aure, yana faɗa yana murna.

"Ladan, a unguwar nan aka yi maka kaciya," in ji Malam Hamidu. "Ni za ku mayar sakarai a zaurena?"

Ya aika aka zo da Iliyasu. Da bawan Allah ya gane abin da aka yi, sai ya juya ga Malam Hamidu. Da ya buɗe baki kuwa, roƙo ya yi.

"Malam, ka yi haƙuri ka ba shi. Ni na rene shi, laifin tarbiyyata ne."

Sanda ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Malam Hamidu ya tura musu goronsu da ƙafa, ya dubi Sanda. "Wannan mutumin ka ɓoye saboda riga? To ranar da 'yata ta tsufa, a wane ɗaki za ka kulle ta? Tashi ka bar mini gida."

Darasi: Wanda ya ji kunyar nasa don tsumman da ke jikinsa, ba a damƙa masa amanar ɗan kowa. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman waɗanda suka samu suka manta wanda ya goya su.