Muryar Baba da Sabuwar Manhaja

Ƙawata, gyara zama ki ji abin da ya faru a gidan maƙwabtanmu, don har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Autan gidan yaro ne mai basira, ba ya wasa da salla, sai dai Allah Ya yi shi da son a ce ya waye, ga gaggawa kamar ana korarsa. Ya mai da ɗakin ajiyarsu wurin ɗaukar waƙa. Ya manna tsofaffin katifu a bango, ya kafa makirufo, ga tsohuwar kwamfuta da tsohuwar manhajar da yake aiki da ita. Tana da nawa, amma ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Babansa tela ne. Tun yana saurayi ya tsara wa matarsa wata waƙa, yana rerawa yana taka keken ɗinki. Da likita ya ce za a yi masa aiki a maƙogwaro, Auta ya zaunar da shi gaban makirufo ya ɗauki waƙar. Aka yi aiki, Allah Ya ba da sauƙi, amma murya ba ta dawo ba. Sai magana da hannu.

Yayarsa ta sha roƙonsa ya tura mata waƙar a waya.

"Yaya, ɗanyen aiki ne fa, har tarin Baba na ciki. In ta fita haka sunana zai ɓaci."

"Wane suna? Wanda ake kiranka da shi a aike ka sayen gishiri?"

Ya dai hana.

Wata rana abokinsa da suke kira Ɗan Zamani ya leƙo ɗakin, ya dubi kwamfutar, ya fashe da dariya.

"Kai mutumina, wannan manhajar ai ta isa aurar da 'ya! Sabuwar da ta fito, danna ɗaya za ka yi, tari ya ɓace, murya ta fito tas."

Maganar ta soki Auta. Ya ce a sa masa ita yanzu-yanzu. Ɗan Zamani ya ce ba za ta zauna ba sai an goge kwamfutar gaba ɗaya, don haka gara Auta ya fara kwashe kayansa. Auta ya nemo fayil ɗin da ya rubuta wa "Waƙar Baba", ya tura a filashi. Kafin ƙiftawar ido ya shige, har ya ji daɗin saurin.

"Ka kwashe komai?"

"Ga shi a hannuna. Goge!"

Bai tsaya ya saurari abin da ya ɗauka ba. Aka goge, aka ɗora sabuwa.

Don ɗoki, tun bai buɗe waƙar ba ya tara mutanen gidan su ga yadda zai gyara ta a gabansu. Baba ya sa hularsa mai kyau ya zauna a kujera, Mama ta tsaya bakin ƙofa tana gyara mayafi kamar amarya.

Auta ya buɗe fayil. Komai na nan a jere, baiti-baiti, kowanne da sunansa. Ya danna. Layin da ke nuna tafiyar waƙa ya kama gudu, amma shiru. Ya ƙara murya har ƙarshe. Shiru. Ya cire wayar lasifika ya mayar. Shiru.

"Auta, ina muryar?" in ji Yaya.

Ɗan Zamani ya matso, ya duba filashin, sai ya dafe kai.

"Innalillahi! Wannan kaɗai ka ɗauka? Ai wannan tsarin waƙar ne kawai. Ita muryar a wata ma'ajiya daban tsohuwar manhajar ke zuba ta. Murfi ka ɗauke, ka bar tukunyar!"

Auta ya sunkuci kwamfutar ya ruga wurin mai gyara. Mai gyara ya bincika iya bincike, ya ce sabbin kaya sun hau kan tsofaffin, sai dai haƙuri.

Da ya dawo, Baba na nan a kujerar bai tashi ba. Auta ya zube a gabansa yana kuka. Tsohon ya dafa kansa, ya ɗago ya dubi matarsa. Mama ta fara rera waƙar a hankali, shi kuma yana taka ƙasa da ƙafa kamar yana kan keke. Ba ta kai rabi ba muryarta ta karye. Ƙafarsa ce kaɗai ta kai waƙar ƙarshe.

Darasin nan, ƙawata, ba wai sabon abu haramun ba ne. Amma kada dariyar wani ta sa mutum ya watsar da abin da ke yi masa aiki, tun bai tabbatar da abin da ya riƙe a hannu ba. Kuma abin alherin da yake na kowa, a raba shi ko da tarinsa, kada girman kai ya kulle shi wuri ɗaya. Allah Ya tsare mu da gaggawa. Don Allah ki bar maganar nan tsakaninmu, yaron har yau bai iya haɗa ido da babansa ba.