Alƙali Zakariyya'u da Busassun Rijiyoyin Kwarin Shuni

An yi wani sarki a ƙasar Kwargaba, ana ce masa Nafi'u ɗan Gwanki, mutum ne mai tsananin ƙin lalaci, har ya zamana ba abin da ke ɓata masa rai kamar ya ga ƙaƙƙarfan namiji zaune da hantsi, hannunsa ba fartanya ba allura. Ƙasarsa gunduma uku ce, kuma gulbi ɗaya ne ya ratsa su: Fadamawa a can sama, Tudun Masaƙa a tsakiya, sai Kwarin Shuni a ƙasa, inda gulbin yake ƙarewa.

Wata shekara sarki ya sa aka ƙidaya majiya ƙarfi waɗanda ba su da abin yi. Aka tarar a Fadamawa cikin mutum goma ɗaya ne ke zaune, a Tudun Masaƙa uku, amma a Kwarin Shuni bakwai. Fadawa suka ce ai in aka haɗa ƙasar gaba ɗaya masu aiki sun fi yawa, sai hamdala. Hakimin Kwarin Shuni kuwa ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce talakawansa malalata ne tun asali. Sarki ya fusata, ya yi umarni cewa bayan kwana arba'in, duk wanda aka samu zaune a can a kama shi a kai shi fasa dutse.

Sa'an nan ya kira alƙalinsa, Malam Zakariyya'u, dattijo mai ilimi wanda ya shekara ashirin yana shari'a, ya ce masa, "Alƙali, damina ɗaya ke sauka a kansu, sarki ɗaya suke bi, alƙibla ɗaya suke fuskanta. To, me ya sa hannun wannan ke motsi, na wancan ya mutu? Ka kawo mini amsa kafin wa'adi ya cika."

Alƙali ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, wannan mas'ala ba ta cikin littattafaina. A yi mini izini in je in gani."

Ya sa tufafin matafiya, ya hau alfadari, ya bi gulbi daga sama. A Fadamawa ya ga rake da albasa da alkama sun rufe ƙasa, masu lambu suna rububin 'yan ƙodago. A Tudun Masaƙa ya ga waɗansu na saƙa, waɗansu sun naɗe zarensu, suka ce masa farin ƙyalle ba ya kasuwa in ba a rina shi ba, marina kuwa sun daina karɓa. Da ya gangara Kwarin Shuni sai ya ga gulbin ya zama rairayi, maza kuma jere a gindin tsamiya, ba mai hira ba mai dara.

Ya yi sallama. Wani tsoho, Gambo Sarkin Marina, ya amsa, ya shimfiɗa masa buzu. Alƙali ya ce, "Baba, ni baƙo ne. A birni na ji ana cewa mutanen nan ba sa son aiki."

Tsoho ya miƙe ya ce, "Taso, malam." Ya kai shi bayan gari, ya nuna masa rijiyoyin rini fiye da ɗari biyu, bakinsu ya tsattsage, ƙadangaru na shiga suna fita. Ya ce, "Wannan ta kakana ce, waccan ta ubana. A nan nake wayar gari, a nan magariba take samuna, shekara hamsin. Rini da ruwa ake yi, malam. In akwai wanda ya iya shi da rairayi, ka kawo shi ya koya mana."

Alƙali ya ce, "Ina ruwan ya tafi?"

Tsoho ya ce, "Shekara tara ke nan da mutanen Fadamawa suka datse gulbi. Muka kai ƙara birni. Alƙali ya saurari shaidunsu, ya buɗe littafi, ya ce na sama shi ke fara sha, ya sallame mu kafin azahar. Bai zo ya ga abin da ya saura wa na ƙasa ba. Gonar nan tsakuwa ce, ba ta ciyar da kowa. Samari suka watse cirani. Ɗana Iliya ya yi kudu, yau shekara shida ko saƙo."

Nan take alƙali ya tuna ranar sarai, ya tuna har yabon da almajiran ilimi suka yi masa saboda saurin gano hujja. Ya daɗe yana duban rijiyar nan, kana ya ce, "Baba, ni ne alƙalin."

Tsoho ya ce, "Allah ya gafarta malam, na gane ka tun kana saukowa daga alfadari. Kai ka manta fuskata, don mu da yawa muka tsuguna gabanka. Ni kuwa gaban alƙali ɗaya na taɓa tsugunawa."

A hanyar komowa zuciya ta yi ta saƙa wa alƙali cewa ya ce fari ne, ko ya ce kasuwa ce ta juya, domin ba wanda zai ƙaryata shi, kuma girman shekara ashirin ba abin zubarwa ba ne. Amma duk sa'ad da ya shirya wannan magana a ransa, sai ya ga maza ɗari-ɗari ɗaure da igiya ana kora su dutse saboda hukuncinsa, sai ya yi istigfari.

Ranar da ya shiga fada majalisa ta cika. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, na zo da amsa, kuma mai ɗaci ce. Waɗanda suka ce a haɗa ƙasa gaba ɗaya a yi hamdala, kamar wanda ya haɗa ƙosasshe da mayunwaci ne, ya ce kowa ya ci rabin akushi. Wanda ya ce lalaci ne, ya faɗi abin da ya gani a gindin tsamiya, bai leƙa bayan gari ba. Mutanen Kwarin Shuni ba su bar aiki ba, aiki ne ya bar su ranar da aka datse musu ruwa, kuma zamansu ne ya zaunar da masaƙan Tudu. Shari'a ta ce na sama ya fara sha, ba ta ce ya shanye ba. Wanda ya karanta rabin hukunci ya bar rabi, ga shi gabanka. In za a kai wani fasa dutse, da ni ya kamata a fara."

Ya warware rawaninsa, ya ajiye shi a gaban sarki.

Sarki ya sunkuyar da kai, sa'an nan ya ce, "Kai ka yi hukunci ba ka je ba, ni ma na yi umarni ban je ba. Kai ka riga ni tuba. Ɗauki rawaninka, alƙali, domin in na tuɓe wanda ya kai ƙarar kansa, gobe ba mai faɗa mini gaskiya."

Ya janye umarninsa, ya tuɓe hakimin, ya sa aka raba ruwa: kwana huɗu na Fadamawa, kwana uku a saki gulbi ya gangara. Ya ba alƙali alkyabba da doki, ya ɗora Gambo a kan buɗe madatsa da rufe ta.

Ba duka rijiyoyin ne suka farfaɗo ba, kuma ba duka waɗanda suka tafi ne suka komo ba. Gambo ya rasu bai sake ganin ɗansa ba. Amma alƙali ya halarci jana'izarsa, kuma waɗanda suka ɗauki makarar hannuwansu baƙi ƙirin ne da shuni.

Masu hikima sun ce: adalci ba ya cika daga kan shimfiɗa, kuma wanda zai hukunta mai zama, ya fara tambayar wanda ya zaunar da shi.