Maigidan da Ya Yi Fushi da Karnuka

A wani ƙauye an yi wani maigida mai son lambunsa. Lambun ba babba ba ne, 'yar kusurwa ce a tsakar gida bayan rumbu, inda ya shuka tattasai da yakuwa da 'yan albasa, amma yana ji da shi ƙwarai. Mutum ne mai saurin fushi, ko da yake ran Lahadi shi yake fara isa majami'a, muryarsa kuma ta fi ta kowa wajen waƙa. Yana da mata da yara, yana kuma da wani baƙin kare mai suna Duna, wanda ya yi renonsa tun yana ɗan kwikwiyo.

Maƙwabciyarsa wata gwauruwa ce, sunanta Afiniki. Mijinta ya rasu ya bar mata yara ƙanana da jar akuya guda ɗaya. Akuyar nan tana da ciki, a kanta kuwa Afiniki ta ɗora dukan begenta na wannan shekara.

Wata ranar kasuwa da hantsi, bayan mutane sun tafi kasuwa, akuyar ta tsinke igiyarta, ta kutsa ta wani wuri da zanan gidan ya yage, ta faɗa lambun. Maigidan ya fito daga ɗaki ya tarar ta cinye yakuwar har ƙasa, tana kan tattasai. Ransa ya ɓaci, idanunsa suka rufe. Ya rarumi ƙotar fartanya ya sauke mata a ka da dukan ƙarfinsa. Akuyar ta faɗi, ta shure, ba ta ƙara motsi ba.

Ya tsaya a kanta yana haki. Ya san ta wace ce, ya kuma san abin da ya kamata ya yi. Amma ya ce a ransa, ai ita ta shigo masa gida, ba shi ya je ya same ta ba. Sai ya haƙa rami a nan bayan rumbu, ya tura ta ciki, ya mayar da ƙasa, ya tattake. Ya ciro dashen tattasai ya jera a kai, ya ba su ruwa.

Da yamma Afiniki ta zo ƙofarsa, ta gaji da yawon cigiya, ta tambaye shi ko ya ga akuyarta. Ya girgiza kai, ya ce, "Sannu, 'yar'uwa. Ko inuwarta ban gani ba. Duniya ta lalace, mutane ba sa tsoron Allah." Ta yi masa godiya, ta wuce gida na gaba.

Ba a yi 'yan kwanaki ba Duna ya fara tono a bayan rumbu. Maigidan ya fito da safe ya ga dashensa a watse, ƙasa ta yi tudu, karen ya cusa hanci a rami. Ya daka masa tsawa, ya shure shi da ƙafa, ya cike ramin. Kashegari haka. Ya saro ƙaya ya shimfiɗa a wurin, karen ya janye ta da haƙori. Ya barbaɗa garin barkono, karen ya yi ta atishawa yana tono. Ya ɗaure shi da igiya a gindin darbejiya, karen ya tauna igiyar. Ya kwaso duwatsu ya jera, karen ya bi ta gefe. Kullum maigidan yana tashi da fushi, yana kwana da fushi. Abincin gidan ya daina yi masa daɗi, yaransa suka koyi ɓuya idan sun ji takunsa.

Matarsa ta yi ta kallo. Ran nan da ta kawo masa kunu, sai ta ce a hankali, "Maigida, kare ba ya cin tattasai. Me yake nema a wurin nan?"

Ya yi wurgi da ƙwaryar kunun. Ya ce da ita ta iya bakinta, gidansa ne, ƙasarsa ce, ba wanda zai tuhume shi a cikin gidansa, mace ko kare. A ranar ya kama Duna, ya yi ta jibgarsa da sanda har ƙafarsa ta baya ta karye. Karen da ya tsare masa gida shekara da shekaru ya ja jiki ya fita yana kuka, bai ƙara komowa ba.

Maigidan ya ce yanzu ya huta. Amma ina! Sai karnukan unguwa suka fara zuwa, wasu ta magudanar ruwa, wasu ta kan zana. Ya toshe nan, su ɓullo ta can. Ya taɓa tunanin ya tone abin ya kai daji, amma ya ji tsoro kada a gan shi, bai kuma so ya sake ganin abin da hannunsa ya yi ba. Ya ga jifan karnuka ya fi sauƙi. Ya tara tsakuwa a bakin ƙofa, ya daina zuwa gona, ya zauna gadi. Ya yi faɗa da maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, yana ce musu marasa mutunci, masu sakin dabbobinsu su ɓata wa mutane wahalarsu.

A ƙarshe fushi ya ɗauke shi har ƙofar mai unguwa. A gaban jama'a ya ɗaga murya, ya ce ko dai a kashe dukan karnukan unguwar, ko kuwa shi ya zuba musu guba, kowa ya rasa. Mai unguwa tsoho ne, ba ya gaggawa. Ya bar shi ya gama, sa'an nan ya miƙe, ya ɗauki sandarsa, ya ce a je a ga ɓarnar tukuna. Nan maigidan ya so ya janye maganarsa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, mutane sun tashi. Suka bi shi duu har tsakar gidansa. Afiniki ma ta fito da ta ji hayaniya, ta tsaya a baya.

Mai unguwa ya dubi ƙayar, ya dubi duwatsun, ya dubi ramin da aka tona aka cike, aka sake tonawa. Ya lura sauran lambun lafiya lau, ba inda karnukan suka taɓa sai wuri ɗaya. Iska ta kaɗo, waɗanda suke kusa suka toshe hanci. Tsohon ya ce, "Ɗana, kafin a kashe kare ko ɗaya, a kawo fartanya."

Maigidan ya tare wurin, ya ce ba wanda zai ɓata masa shuka. Aka janye shi. Ba a yi nisa da haƙa ba sai ga jar fata, sai ga ƙaho, sai ga guntun igiya a wuya.

Afiniki ta ratso mutane ta durƙusa a bakin ramin. Ta daɗe tana kallo. Da ta ɗago, ba ta zage shi ba. Ta ce, "Zana ɗaya ne tsakaninmu. Duk kukan da yarana suka yi, kana ji."

Mai unguwa ya yanke masa ya biya ta akuya da 'ya'yan da za ta haifa, ya kuwa biya. Amma daga ran nan, idan ya yi magana a taro ba mai amsa masa, idan ya ɗaga waƙa a majami'a sai muryoyi su yi ƙasa.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Tsakar gidan zuciyar mutum ce, abin da aka binne kuwa zunubin da muka sani sarai mun yi, muka rufe shi da ƙasa, muka dasa ibada a kai don ya yi kyaun gani. Karen gida lamirinka ne, wanda Allah ya ba ka don ya tsare ka. Za ka iya dukansa har ya yi shiru. Mutane da yawa sun yi haka, suna kuma tsammani sun sami salama. Amma idan lamiri ya bar gida, na waje ne za su zo tono, su kuwa ba su da tausayinka.

Abin da yake ɓata mini rai shi ne, mun ƙware wajen yin fushi da mai tono. Matarka ta yi maka tambaya guda, ka hana gida zaman lafiya mako guda. An yi wa'azi ya taɓa ka, ka ce da kai ake, ka daina zuwa sujada, ka shiga gari kana ɓata sunan mai wa'azi. Dattawa sun kira ki a kan maganar da kika yaɗa, kin ce an tsane ki. Wani a cikinmu ya matsa iyakar gonar marayu, yau ya fi kowa kukan cewa mutane sun cika sa ido. Wannan fushi ba na adalci ba ne, tsoro ne ya sa rigar fushi. Ana nan ana jifan karnuka, gwauruwa kuwa tana bayan zana da yaranta da yunwa, ba wanda ya tuna da ita.

Ku lura, kashe akuyar cikin zafin rai aka yi shi. Da mutumin nan ya ɗauke ta a kafaɗa a ranar, ya kai ƙofar Afiniki ya ce ga abin da na yi, da an yi kuka, an biya, an gafarta. Ubangiji ba ya korar mai tuba. Amma binnewar da gangan aka yi ta, kowace safiya kuma sai da ya sake binnewa.

Saboda haka, idan akwai wurin da ba ka so a taɓa a rayuwarka, wurin da ko an matso kusa sai jininka ya hau, kada ka ƙara ƙaya, kada ka ƙara dutse. Ba shingen da zai hana a tona shi. Ka san ƙofar da ya kamata ka je. Je ka yau da ƙafarka, tun kana da damar faɗa da bakinka.