Guduma a Ɗakin Intabiyu

Akwai wani mutum da ake kira Guduma. Ba sana'a ce ta jawo masa sunan ba, hannunsa ne. Ƙato ne, ba ya sata, ba ya shaye-shaye, in ya kama aiki sai an ce masa ya huta. Aibinsa ɗaya ne: zuciyarsa a kusa take, hannunsa kuma yana riga bakinsa magana. Daga wuraren aiki uku aka kore shi. A na ƙarshe, wajen lodin kaya, haƙoran wani direba biyu ya zubar don ya kira shi rago.

Ranar da ya maka tukunya da bango, ta wuce dab da kan 'yarsa, matarsa ta goya yarinyar ta koma gidan ubanta. Surukin bai ja zance ba. "Ka samo aiki, ka zauna lafiya da mutane, sai ta dawo. In ka ƙara zubar da jinin wani, takardarta zan zo karɓa."

Ana haka wani kamfanin masu gadi ya kira shi intabiyu, saura kwana biyu. Sai ya tafi wajen goggonsa, wadda ta yi shekara talatin tana sharar ofis da kai shayi, ta ga an ɗauki mutane, ta ga an sallame su.

"Goggo, a taƙaice nake so. Me ake cewa?"

"A taƙaice aka haife ka? Zauna."

Ta koya masa ya ƙwanƙwasa ƙofa, kada ya zauna sai an ce ya zauna. Ya dubi mai tambaya, amma ban da zare ido kamar zai cinye shi. In an tambayi dalilin barin tsohon aiki, ya faɗi laifinsa da bakinsa, kada ya zagi tsohon maigida. Guduma yana da kai. Cikin awa ɗaya ya haddace komai.

Yana tsakiyar maimaita amsa, goggo ta sa tsintsiya ta kaɓar masa da hula. "Dubi wai mai neman aiki. Ƙaton banza da mace ta gudu ta bari."

Kafin ta rufe baki ya miƙe, ya shuri kujerar da yake kai, ta daki bango ta rabe biyu. Tsohuwa ko gezau ba ta yi ba.

"To, ka faɗi," in ji ta. "Wannan ne karatun, sauran ado ne. Ka dawo gobe mu sake, har sai na zage ka kana zaune."

"Haba Goggo, can mutanen ofis ne. Wa zai taɓa mini hula?"

"Ni na share musu ƙasa, ɗan nan. Na fi ka saninsu."

Bai koma ba. Ya wuni yana gugar riga yana bitar amsoshi a gaban madubi, har shi kansa ya burge kansa.

Ɗakin intabiyun yana hawa na biyu. Dogon tebur, fanka tana juyi, mutum uku a zaune, a tsakiya wata mata mai tabarau, ita ce manaja. An ajiye masa kujerar ƙarfe. Ya ƙwanƙwasa, ya jira, ya zauna da aka ce. Da aka zo kan haƙoran direba ya sunkuyar da kai ya ce, "Laifina ne, ranki ya daɗe, kuma na yi nadama." Manaja ta gyaɗa kai ta yi rubutu.

Abin da bai sani ba, kamfanin ƙofar asibiti yake gadi, inda kullum ake samun wanda tashin hankali ya sa yana zagin mai gadi. Don haka ba sa ɗaukar kowa sai sun gwada shi da zagi. Wani tsohon ma'aikacinsu mai furfura, ɗan siriri, shi ke shigowa ya yi kamar fusataccen baƙo.

Aka banko ƙofa. Tsohon ya shigo yana kumfar baki, ya watsar da takardun Guduma a ƙasa, ya take su, ya cakumi wuyan rigarsa. "Kai ne sabon karen nasu? Tashi ka yi haushi mu ji."

Idon Guduma ya rufe. Ya gwara masa kai a hanci, ƙashi ya yi ƙara. Tsohon ya faɗa kan kusurwar tebur. Guduma ya ɗaga kujerar ƙarfen ya sauke masa. Tsohon ya tare da hannu, hannun ya lanƙwashe ta inda babu gaɓa. Guduma ya ƙara ɗaga kujerar. Manaja tana ihu, "Gwaji ne, gwaji ne!" amma kunnensa ya toshe. Ta biyun a fuska ta sauka.

Sai da masu gadi huɗu suka taru, suka sa masa kulki a gwiwa, kafin suka danne shi. Kuncinsa yana manne da ƙasa, jinin tsohon yana gangarowa yana jiƙa takardunsa. Manaja ta tsaya a kansa.

"Na riga na sa hannu a takardar ɗaukarka aiki," ta ce. "Minti ɗaya kawai ake so ka zauna."

Tsohon ya rayu, amma idonsa na hagu ya tafi. Alƙali ya ba Guduma shekara huɗu. Kafin a wuce da shi gidan yari, surukinsa ya zo ya miƙa masa farar takarda da biro ta tsakanin ƙarafa.

"Baba, ka bar ni in ga yarinyar ko sau ɗaya."

"Rubuta," in ji surukin.

Ya rubuta, hannunsa a kumbure, biron yana zamewa.

Darasin a fili yake, kuma ba zan sa masa zuma ba. Gaisuwa, zama da tsararriyar amsa, duk ana iya koyonsu a yini guda, har aku ma zai iya. Amma masu ɗaukar aiki ba bakinka kaɗai suke saurare ba, so suke su ga abin da za ka zama in an taka ka. Wanda ya san inda halinsa ya ruɓe, can ya kamata ya fi daɗewa yana gyara, ko da zafi, ko da a gaban tsohuwa mai tsintsiya ne. In ka tsallake wannan don gaggawa, to ka shiga ɗakin da abokin gabarka a cikin rigarka, kuma ba kai kaɗai za ka biya ba.