Hanyar Ruwa ta Gidan Jatau

An yi wani bawan Allah a wani gari, tun zamanin da ake auna fili da igiya da taku. Sunansa Jatau. Sana'arsa ɗaukar ƙasar gini a kan jaki, daga kududdufin bayan gari zuwa duk inda ake ɗora bango. Ba shi da gona, ba shi da sarauta, ba shi da wanda zai kama masa aiki. Abin da ya mallaka jaki ɗaya ne, da gida mai ɗaki biyu a gangaren gari, da 'yarsa Lantana, yarinya 'yar shekara goma wadda uwarta ta rasu ta bari. Uwar ce ta yi daɓen ɗakunan nan da hannunta, ita ta dasa lalle a tsakar gida. Duk inda suka juya a gidan, aikin hannunta suke gani.

Garin kuwa ya cika ya batse. Baƙi suna zuwa, 'ya'ya suna girma suna aure, lunguna sun matse har jaki da mangala ba ya wucewa. Sai sarkin garin ya ce za a yanka sababbin unguwanni, a fitar da hanyoyi da kasuwa da maƙabarta, yadda za su ishi jikoki da tattaɓa-kunne. Amma ya ce ba za a aza tubali ko ɗaya ba sai an ji ta bakin mutanen gari, babba da ƙarami, kowace unguwa da ranarta.

Sarkin Magina ya fita da igiyarsa, ya kafa turaku, ya zuba toka a ƙasa don kowa ya ga inda layi zai bi. Filin gangare duka aka yanka shi gidaje arba'in. Gidan Jatau kuwa ba a taɓa shi ba, har ma sabuwar hanya za ta bi ta ƙofarsa. Maƙwabta suka yi ta yi masa barka.

To, ku saurara, ga abin da Jatau ya sani wanda Sarkin Magina bai sani ba. Shekara talatin yana haƙar ƙasar garin nan, ya san cikinta kamar yadda ya san tafin hannunsa. Ya san ƙarƙashin gidansa tsohuwar hanyar ruwa ce. Yana yaro ya taɓa ganin wata damina da ruwa ya gangaro daga tudu ya bazu a filin nan, bai cuci kowa ba, domin babu kowa a wurin. In aka cika filin da gidaje ba a bar wa ruwa hanyarsa ba, ranar da ya dawo ɗakunan mutane zai shiga. Hanyar kuwa ɗaya ce, kuma ta tsakar gidansa ta ratsa.

Kwana uku yana juya maganar a ransa. Ranar da unguwarsu za ta je gaban sarki, da safe, ya gaya wa Lantana. Ta ajiye ludayin koko, ta dube shi.

"Baba, ruwan da ka ce sau ɗaya ka taɓa gani? Ka yi shiru mana. Wa ya tambaye ka?"

"An tambaye ni, uwata," in ji shi. "Da sarki ya ce kowa, har da ni a ciki."

A ƙofar fada aka zauna. Mahauta suka nemi a matso musu da kasuwa, marina suka nemi fili kusa da rijiya, mata suka turo wata dattijuwa ta ce hanyar ɗiban ruwa ta yi nisa. Kowa ya faɗi abin da ke damun ƙofar gidansa, kuma ba laifi ba ne. Jatau yana can baya. Sau biyu yana yunƙurawa yana komawa ya zauna. Da aka ce ko akwai saura, ya miƙe, ya durƙusa, ya faɗi abin da ya sani.

Sarkin Magina ya yi dariya ya ce, "Jatau, kai ka gano wannan, ko jakinka ne ya raɗa maka?" Jama'a suka yi dariya. Jatau ma ya murmusa, ya ce jakin bai ce komai ba, amma a je a haƙa a gani.

Aka je aka haƙa a tsakar gidansa. Ba a kai kamu uku ba sai ga yashi da tsakuwa masu santsi, irin na bakin rafi. Sarkin Magina ya ɗebi tsakuwar a hannu, ya daɗe yana kallo. Sarki ya tambayi Jatau ko ya san abin da wannan ke nufi ga gidansa.

Ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Shi ya sa na daɗe ban miƙe ba."

Aka ba shi fili a tudu, aka yi gayya aka gina masa gidan da ya fi na da kyau. Tsohon gidan aka rushe, aka yanka magudana mai faɗi ta wurin. Lantana ta cire lallen uwarta ta kai sabon gida, amma bai kama ba. Ta daina hira da ubanta, sai gaisuwa da ajiye akushi. Damina ta zo ta wuce lafiya, wata ma ta zo ta wuce, har mutane suka fara cewa Jatau ya ba da gidansa a banza. An ce sai bayan shekara ashirin da rasuwarsa ruwan ya dawo. Ya bi magudanar ya wuce, bango ko ɗaya bai faɗi ba, kuma yawancin waɗanda ke cikin gidajen ba su ma san sunansa ba.

'Yan'uwa, garinmu ma haka yake girma. Inda muka yi noma muna yara, yau gidaje ne. Ana kiran taro a unguwa a ce za a fitar da tsarin shekaru masu zuwa, sai mu ce wannan na manya ne da masu takarda, mu zauna a gida. In ma mun je, ƙofar gidanmu kawai muke karewa. Alhali mai tura baro ya san inda hanya ke cushewa, mai ɗiban ruwa ta san rijiyar da ke ƙafewa, tsoho ya san inda ruwa ya taɓa bi. Abin da ka sani game da garinku amana ce a wuyanka. In an tambaye ka ka faɗa, ko da faɗar za ta taɓa naka, domin waɗanda za su zauna a garin nan bayanmu ba su da bakin magana yau sai namu. Masu tsari kuma su yi koyi da sarkin nan, su jira har na can baya ya miƙe.

Saura Lantana. Wata rana da la'asar, shekara biyu bayan tashinsu, tana dawowa daga rijiya ta hango jakinsu ya tsaya a bakin magudanar, daidai inda ƙofar gidansu take a da. Dabba ba ta manta hanyar gida. Ubanta yana tsaye a gefensa da sanda a hannu, bai kore shi ba. Ya daɗe a tsaye yana kallon wurin, sannan ya share fuska da bakin rigarsa, ya ja jakin suka hau tudu. Wata mata da ke zaune a wurin ta gaya mata kullum haka yake yi.

Ranar nan Lantana ta gane cewa ubanta ya fi ta kewar gidan, kuma duk da son da yake yi wa gidan, haka ya miƙe ya faɗi gaskiya.